Zagayen Duwatsu da Ƙafa a Ƙasar Damagaram: Tambayoyi da Amsoshi

Da zarar hunturu ya kama, sai tambayoyi su yawaita daga ɗalibai, ma'aikata da baƙin da aiki ya kawo Zinder: ina ake zuwa, ruwa nawa ake ɗauka, wane takalmi ake sawa. Waɗanda aka fi maimaitawa ne aka tattara a nan. Maganar duka a kan tafiyar rabin yini ce, wadda ake tashi daga wuri a zagayo a dawo masa ta wata hanya dabam, cikin duwatsu da jigawa irin na ƙasarmu.

Me ake nufi da zagaye matsakaici?

Tafiyar kilomita 8 zuwa 12, wadda in aka haɗa duk hawan da ke cikinta zai kai mita 150 zuwa 300, kuma babu inda ake buƙatar igiya. Lafiyayyen mutum yana gama ta cikin awa uku zuwa biyar. Bambancinta da tafiyar je-ka-dawo shi ne, rabin hanya na biyu ba ka taɓa ganinsa ba. Wanda ya je ya dawo ta sawunsa ya san abin da ke jiransa. Mai zagaye kuwa yakan tarar da kwazazzabo ko tudun rairayi a kilomita na bakwai, lokacin da ruwa ya yi ƙasa, rana ta yi sama. Yawancin shawarwarin da ke ƙasa daga wannan matsala ɗaya suka fito.

Ina ake samun irin wannan ƙasa kusa da Zinder?

Ba sai an yi nisa ba. Garin kansa a kan dutse yake zaune, tsayinsa daga teku bai kai mita 500 ba, kuma duk wanda ya shiga Birni, tsohuwar unguwar garin, ya ga manyan duwatsun da gidaje suka jingina da su. Irinsu sun warwatsu a kewayen gari da kan hanyar Mirya, wadda ba ta wuce kilomita 20 ba. Gabas kuma, wajen Gure, kimanin kilomita 160 daga Zinder, akwai duwatsun Munio da na Kutus. Arewa, kan hanyar Tanut, itatuwa suna raguwa, inuwa tana wuya.

Tsaunuka na gaske suna Abzin, a jihar Agadas, inda dutsen Bagzan ya kai mita 2,022, shi ne ƙololuwar Nijar. Akwai kuma Tarmit, wanda aka mayar gandun kare namun daji a 2012. Waɗannan biyu ba wurin koyo ba ne: suna buƙatar mota mai ƙarfi, ɗan jagora na yankin, izinin hukuma, da tambayar jami'an tsaro halin da hanya take ciki a makon tafiyar, ba a watan da ya wuce ba. Mai farawa ya tsaya kusa da gida.

Kada a sa ran samun allo ko fenti a jikin dutse mai nuna hanya. Turbar awaki ce, da burtali, da hanyar masu itace.

Wane lokaci na shekara ya fi?

Daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Fabrairu. An gama girbi, asuba da sanyi, wani lokaci ƙasa da digiri 15, rana kuma ba ta cika tsananta ba kafin hantsi ya ɗaga. Illar lokacin ita ce hazo. Ranar da ka tashi ka ga dutsen da ka saba hangowa daga ƙofar gida ya ɓace, a ɗage tafiyar, don alamun da za ka riƙe hanya da su ma sun ɓace.

Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40, falalen dutse kuma yana ƙona tafin hannu. Tafiyar awa huɗu a wannan lokaci ganganci ce. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Damina tana da kyan gani, amma gonaki sun rufe hanyoyi, macizai sun fito, ga hadari. Oktoba tana yaudarar mutane: ruwa ya ɗauke, ana zaton sanyi ya zo, alhali zafin kaka yana nan, ƙarangiya kuma ta nuna.

Ƙarfe nawa za a tashi, kuma awa nawa za a yi?

A yi sallar asuba a kama hanya, ƙafa ta taka dutse da fitowar rana, wato tsakanin 6:30 da 7:00 a watannin sanyi. A yi niyyar dawowa kafin 11:30.

Lissafin lokaci haka yake. A kan kwalta mutum yana cin kilomita 5 a awa. A rairayi da tsakuwa da tsallake duwatsu, a lissafa 3 zuwa 3 da rabi. Kowane hawan mita 100 a ƙara masa minti 10. Kowace awa a ƙara minti 10 na hutu. Zagayen kilomita 10 mai hawan mita 250 ke nan zai ci kusan awa uku na tafiya, minti 25 na hawa, rabin awa na hutu: awa huɗu. Da ƙafar wanda ya fi kowa nawa ake yin lissafin, ba da ta matashin da ke gaba yana waiwaye ba.

Ta wane gefe ake fara zagayen?

Abu uku ake dubawa, kuma ba darajarsu ɗaya ba. Na farko, inda ya fi tsayi da santsi a hau shi, kada a sauko ta nan, kuma ya zo a awa ta farko, ƙafa ba ta gaji ba. Na biyu, rana: in ka fara da nufar yamma, tana bayanka, kana ganin inda kake takawa. Wanda ya nufi gabas da sassafe hasken yana kashe masa ido daidai lokacin da yake tsallake duwatsu. Na uku, iska: ta hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, takan ƙara ƙarfi da hantsi, don haka mai dawowa gabas zai sha ƙura a fuska. Wannan da rawani ake maganinsa. In ukun suka yi karo, na farko ne ke da gaskiya.

Ruwa lita nawa?

A lokacin sanyi, rabin lita a kowace awa, sannan lita ɗaya ta ajiya wadda ba a taɓawa sai in lissafi ya ɓaci. Tafiyar awa huɗu ke nan lita 3 ga kowane mutum, kilo 3 a baya. In rana ta fara zafi, ko mutum mai jiki ne mai yawan zufa, lita ɗaya a awa. A bar wata lita ɗaya da rabi a mota ko a gidan da aka ajiye babur. A sha rabin lita kafin a tashi.

Abin da ke cutar mutane a hunturu shi ne zufa ba ta zama a jiki. Iska busasshiya tana kwashe ta nan take, riga a bushe, mutum yana cewa ai bai yi gumi ba, alhali ruwa yana fita. Kada a jira ƙishi. Kowane minti 20 a kurɓi baki uku ko huɗu. Fitsari ne ma'auni: in ya yi ja kamar shayin farko, ko an yi awa huɗu bai zo ba, an makara.

A raba ruwan a robobi biyu ko uku, don in ɗaya ta fashe kada duka ya tafi. Ledar ruwan piya-wata rabin lita ce, tana da sauƙin ƙirgawa, amma ƙayar aduwa ɗaya ta isa ta huda ta cikin jaka, ba ka sani ba sai ka ji sanyi a ƙugu. Dabarar direbobi da masu amalanke ta fi: a ɗinke roba da buhun algarara ko tsumma mai kauri, a jiƙa, a rataye a wajen jaka inda iska ke bugu. Hikimar salka ce, ruwan da ke bushewa a waje shi ke sanyaya na ciki.

Sai ƙa'idar da ta fi kowace muhimmanci ga mai zagaye. In kashi ɗaya cikin uku na ruwanka ya tafi, duba ko ka ci kashi ɗaya cikin uku na hanya. In rabin ruwan ya tafi ba ka kai tsakiya ba, juya ka bi sawunka. Hanyar da ka sani ta fi wadda taswira ta ce gajeriya ce.

In ruwa ya ƙare, a sha na rijiya ko na tafki?

Na famfo ko na rijiyar da mutanen gari ke sha, e, bayan an nemi izini. In akwai ƙwayar tsabtace ruwa irin Aquatabs, a bi adadin da aka rubuta a jikin takardar, a jira minti 30. In ruwan ya gurɓace a tace shi da gefen rawani tukuna, don maganin ba ya aiki sosai a ruwa mai laka. Tafasawa ta minti ɗaya ma ta wadatar. Ruwan tafki kuwa ko wanke ƙafa kada a yi a ciki, saboda tsargiya ta fata take shiga. Kada kuma a gina lissafi a kan rijiyar da aka gani a taswira: wata ta ƙafe, wata tana da zurfin da sai da doguwar igiya da guga, kai kuwa ba ka da ko ɗaya.

Me za a ci?

Abin da ba ya lalacewa a rana kuma yana da gishiri: dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, cuku, aya, ɗan kilishi. Kilishi mai yaji da yawa yana jan ruwa, a yi hankali. Tukuɗi yana riƙe ciki ƙwarai, amma a dama shi a wurin hutu, kada a dama tun gida ya wuni a roba. A ci kaɗan-kaɗan kowace awa.

Gishirin ba don daɗi ba ne. Wanda ya yi ta ɗirkar ruwa zalla yana zufa, bai ci komai ba, gishirin jininsa yana raguwa, sai ciwon kai, tashin zuciya da ɗaurewar jijiyoyin ƙafa su biyo baya, ya zaci ƙishi ne ya ƙara sha. A riƙe fakiti biyu na garin gishiri da sukari na kantin magani. In babu, a lita ɗaya a zuba ƙaramin cokalin shayi shida na sukari da rabin cokali na gishiri, a shafe kan cokalin, kada a yi tozo.

Wane takalmi? Makiyaya ai da fade suke yawo.

Makiyayi tafin ƙafarsa ya shekara talatin yana koyon ƙasar nan, naka kuwa ofis ya sani. A sa rufaffen takalmi mai kaurin ƙasa da zane mai kama dutse. Kambas na gwanjo ya isa in zanen bai cinye ba. A gwada shi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, a bar faɗin babban yatsa tsakanin yatsun ƙafa da bakin takalmin, in ba haka ba wajen sauka farce zai riƙa dukan gaba har ya yi baƙi. A yanke farce kwana biyu kafin tafiya. Sabon takalmi a yi mako ana yawo da shi cikin gari tukuna.

Safa kuma ƙarangiya ce alƙalinta. Mai gashi-gashi tana kwasar ta da yawa, ta bi zare ta kai fata. A sa mai santsi, a sauke ƙafar wando a kanta. Ba a cire ƙarangiya da busassun yatsu: a jiƙa su, ko a kankare da mataji ko bakin wuƙa. Tsidau da ƙayar aduwa suna huda siririn takalmi, shi ya sa silifa ba ta cikin lissafi sam.

Da ka ji wani wuri a ƙafa yana zafi-zafi, tsaya, zazzage rairayi, manna filasta. Minti biyu ne. In ka bari ya zama bororo, sauran kilomita shida da ɗingishi za ka yi su.

Tufafi fa?

Riga mai dogon hannu, sakakkiya, mai haske, da dogon wando mai kauri. Babbar riga da dogon hijabi suna kama ƙaya, suna kuma rufe maka ganin ƙafa wajen sauka. Mata su sa wando a ciki da hijabin da bai wuce gwiwa ba. Rawani na mita uku zuwa huɗu ya fi hula amfani: inuwa ne, abin rufe hanci ne, matacin ruwa ne, bandeji ne. Malafa a kai in akwai. Rigar sanyi mara nauyi don awa ta farko. A shafa man kaɗe a leɓe da bakin hanci, yana rage tsagewa da haɓo.

Me kuma zai shiga jaka?

Tocila ko da an yi niyyar dawowa da hantsi, usur, ƙaramar wuƙa, hantsaki na cire ƙaya, filasta, bandeji mai talewa, farasitamol, ashana, batirin ajiya na waya, katin shaida, ƴan canji, da leda ta kwaso shara. Sanda a hannu. Duka da ruwa kada ya wuce kilo 6 ko 7. Jakar goyo mai hannu biyu, ruwa a jikin baya, don jakar rataye tana jan mutum gefe a kan dutse.

Yaya ake hawa da sauka a irin duwatsunmu?

Dutsen nan yana da kaushi, takalmi yana kama shi da kyau in yana da tsabta. Haɗarin yana wuri biyu. Na farko ɓawo: zafin rana da sanyin dare suna sa fatar dutsen ta riƙa ɓarewa kamar albasa. Kafin ka ɗora nauyi a kan wani ɓallin, buga shi da sanda. In ya yi ƙara kamar ƙwarya, ƙarƙashinsa rami ne, kauce. Na biyu tsakuwar da ta zube a kan falale, wadda ke mirgina ƙarƙashin ƙafa kamar an watsa gero a siminti. A nan ake yawan faɗuwa, kuma wajen sauka.

A taka da tafin ƙafa duka, taku gajere, gwiwa a ɗan lanƙwashe, jiki a tsaye. Mai jin tsoro yakan kwanta baya, shi kuwa ke sa ƙafa ta zame gaba. Inda ya yi tsayi a zauna a sauka da mazaunai, ba abin kunya ba ne. Kada a yi tsalle daga dutse zuwa dutse da jaka a baya. Kada a hau abin da ba a ga ta inda za a sauko ba. A bar tazara, kada wani ya tsaya daidai ƙarƙashin mai hawa.

In an yi targaɗe, a ɗaure da bandeji, a mayar da takalmi nan da nan kafin ƙafar ta kumbura ta ƙi shiga, a koma ta hanya mafi sauƙi, ko da ta fi tsawo.

Tsayin wurin yana sa ciwon kai ko haki?

A'a. Ciwon tsauni yawanci sama da mita 2,500 yake farawa, babu kuwa inda ya kai haka a Nijar. Ciwon kai a duwatsun Damagaram na rashin ruwa ne ko na rana. Abin da tsayi ke canjawa shi ne sanyi: kowane mita 1,000 zafi yana raguwa da kusan digiri 6, shi ya sa daren Bagzan ke buƙatar bargo na gaske.

Waya ba ta isa ta nuna hanya ba?

Tana taimakawa in an shirya ta. GPS ba ya buƙatar layi, taswirar ce ke buƙata, don haka a sauke ta tun gida a manhaja irin OsmAnd ko Organic Maps. A sa alama a inda aka bar mota, a kunna ɗaukar sawu, a sa wayar a yanayin jirgi, don neman layi a bayan dutse yana shanye batir. Kada a bar ta a rana, zafi yana kashe ta.

Amma turbar awaki ba ta cikin kowace taswira. Zagayen farko a yi shi da ɗan gari, a yi ciniki da shi kafin a tashi, a kuma ɗauki ruwansa. Matambayi ba ya ɓata, sai dai tambayar ma da iyawa. In ka ce wa dattijo, "Baba, garin da nisa?" zai ce maka nan ne bayan dutsen can, kuma a ƙafarsa gaskiya ya faɗa. Ce masa, "Baba, in na tashi yanzu, zan riski azahar a can?" Sannan, "Akwai rijiya a tsakani? Da ruwa a cikinta bana?" Kada ka nuna hanya da hannu ka ce ko wannan ce, don kara za ta sa a ce maka e.

Kowane minti goma a waiwaya a ga yadda hanya take ta baya. Dutsen da ya yi kama da raƙumi daga gabas, daga yamma tulin banza ne.

In na ɓace fa?

Tsaya a inda ka fara shakka. Nemi inuwa, sha ruwa, zauna minti goma. Sawunka yana nan a rairayi in iska ba ta share ba, bi shi baya zuwa wurin da ka tabbatar. In bai yiwu ba, hau tudu mafi kusa mai sauƙin hawa: daga sama ake hango eriyar waya, hasumiyar masallaci, ƙurar mota, kuma a nan layi ya fi kamawa. Turbobin dabbobi suna haɗewa suna ƙara faɗi in sun nufi rijiya ko gari, suna rarrabuwa in sun nufi daji. Busa uku na usur, a dakata, a sake, ita ce alamar neman taimako.

A watannin sanyi, wajen 12:30 inuwarka arewa take nunawa. Daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta kuwa kudu take komawa, kada a rikice. Da yamma, miƙa hannu ka dunƙule: kowane dunƙule tsakanin rana da ƙasa kusan minti 40 ne. Bayan faɗuwarta hasken da ya rage na minti 20 ne da ɗan abu. In dare ya riske ka, zauna. Tafiyar dare cikin duwatsu ita ke mayar da ɓata ta zama karaya.

Duk wannan yana aiki ne in wani a gida ya san inda ka nufa, da wa, da lokacin da in ba ka kira ba zai tayar da mutane. Lambar ƴan sanda 17, ta ƴan kwana-kwana 18.

Yaya ake gane rana ta bugi mutum?

Mataki biyu ne. A na farko akwai jiri, kasala, ciwon kai, tashin zuciya, zufa mai yawa, amma hankali yana nan. A kwantar da shi a inuwa, a ɗaga ƙafafunsa, a sassauta tufafi, a jiƙa masa jiki a yi fifita, a ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan. Ko ya warware, zagaye ya ƙare.

Na biyu shi ne in magana ta fara rikicewa, yana tangaɗi, yana faɗa ba dalili, ko ya suma, jiki zafi rau. Wannan yana kisa. A zuba masa ruwa a kai, wuya, hammata da matsematsi, a yi ta fifita ba tsayawa, a nemi mota ko amalanke zuwa asibiti ana ci gaba da sanyaya shi a hanya. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa ruwa a baki, a kwantar da shi ta gefe. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafi.

Macizai da kunamu?

Wadda aka fi tsoro ita ce kububuwa: ƙarama, launin ƙasa, in ta ji motsi tana goga jikinta ta yi ƙara kamar ana zuba ruwa a mai mai zafi. Dafinta yana hana jini daskarewa, kuma mutum yana iya jin sauƙi a awannin farko kafin jini ya fara fita ta dasashi ko fitsari. Akwai kasa, wadda ba ta gudu, da gamsheƙa. Rigakafin ɗaya ne: kada hannu ko ƙafa su shiga inda ido bai gani ba. A taka kan dutse a duba bayansa kafin a tsallake. A buga gindin sabara da sanda kafin a zauna. A zazzage takalmi bayan sallah kafin a mayar.

In an yi sara: a nisanta daga macijin, a kwantar da mutum, a cire zobe da agogo da takalmi, a ɗaure gaɓar da sanda kamar karaya don kada ta motsa, a ɗauke shi zuwa asibiti, a riƙe lokacin da abin ya faru. Ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure jijiya tamau da igiya ko roba, ba a ba da asfirin ko ibuprofen. Awannin da ake ɓatawa wajen gwada na gida su ne waɗanda allurar dafi ta fi amfani a cikinsu. In maciji ya tofa a ido, a wanke da ruwa mai yawa na minti 15. Haka ma in nonon tumfafiya ya shiga ido.

Harbin kunama ga babba yawanci azaba ce, ga yaro kuwa asibiti ne kai tsaye. Abin da ake mantawa shi ne zuma, wadda ke yin gida a kogon dutse. In ka ga ƙudan suna shiga suna fita daga tsaga ɗaya, canja hanya shiru. In sun taso, rufe fuska da rawani ka yi nisa ta fili.

In hadari ya taso?

Wannan na masu fita daga Yuni zuwa Satumba ne. Hadarinmu daga gabas yake zuwa, ƙura a gaba, ruwa a baya. Daga walƙiya zuwa tsawa kowace daƙiƙa uku kilomita ɗaya ce. In bai kai daƙiƙa 30 ba, sauka daga kan dutse, nisanci itacen da ke tsaye shi kaɗai, ku warwatsu. Kada kuma a fake a cikin ƙorama. Busasshiyar ƙorama tana cika cikin mintoci da ruwan da aka yi a wani wuri, kai ko ɗigo bai taɓa ka ba.

Sai an nemi izini?

Babu dajin da ba shi da mai shi. A fara da gidan mai gari: "Ranka ya daɗe, baƙi ne daga Zinder, muna so mu zagaya duwatsun nan mu dawo kafin azahar." Wannan gaisuwa ta minti biyar tana samar da wurin ajiye babur, da labarin inda zuma take, da mutanen da za su nemo ku in kun makara. Baƙin da aka gani da jakunkuna a bayan gari ba wanda ya san da su, a wannan zamani, zargi suke jawowa.

Kada a ratsa gonar da ba a kwashe ba, wake da yakuwa sukan daɗe bayan hatsi. A ba garke hanya a burtali. Kusa da ruga a yi sallama daga nesa, a tsaya har a kira karnuka, kada a gudu. Ba a ɗaukar hoton mutane sai da yardarsu, ba a ɗaukar na barikin soja ko shingen jami'an tsaro sam. In an dafa shayi, a share ciyawa taku biyu kewaye da wutar, a binne garwashin da rairayi har ya huce: gobarar daji ɗaya tana cinye abincin dabbobin shekara. Leda kuma a dawo da ita gida, awaki suna ci tana kashe su.

Mutum nawa ya kamata, kuma wa bai kamata ya je ba?

Huɗu ya fi: in ɗaya ya ji rauni, ɗaya ya zauna da shi, biyu su tafi neman taimako. Sama da goma sai an sa mutum a gaba da mutum a baya, ana ƙirga kai a kowane hutu. Yaro ɗan shekara goma yana iya kilomita 5 ko 6, amma zafi ya fi saurin kama shi, kuma ba ya faɗa sai ya galabaita. Mai hawan jini, ciwon sukari, asma ko juna biyu ya ji ta bakin likita tukuna, mai asma kuma ya guji ranar hazo. Wanda ya tashi daga zazzaɓi ko gudawa ya ba jikinsa mako biyu. Mai azumi ya bari sai bayan sallah.

Wanda bai saba ba ya yi mako uku yana tafiyar awa ɗaya, sau uku a mako, da takalmin da jakar da zai tafi da su, ruwa lita 3 a ciki.

An dawo lafiya, akwai sauran abin yi?

A kira wanda aka bar wa saƙo, kada ya tayar da gari. A sallami ɗan jagora, a koma a yi wa mai gari ban kwana. Ruwan da aka bari a mota a sha shi a hankali tare da abinci mai gishiri, har fitsari ya yi fari. A duba ƙafa da fitila: ƙayar da ta karye a ciki a cire ta ranar, in wurin ya yi ja ya kumbura bayan kwana biyu a je asibiti, a tambaya har da allurar tetanus. Sannan a rubuta abu uku a waya kafin a manta: awa nawa zagayen ya ci, lita nawa aka sha, da wurin da aka yi shakkar hanya. Da su za a yi lissafin fita ta gaba.